LABARIN DA AKE SAYARWA BABI-BABI A WAYAR HANNU: WA ZAI GYARA, WA ZAI ADANA?

Daga Wakilinmu

Wata sabuwar hanyar talifi ta kafu a ƙasar Hausa ba tare da an yi bikin buɗe ta ba, ba kuma tare da wata hukuma ta ba da izni ba. Marubuci, galibi ma marubuciya, yakan zauna a ɗakinsa ya rubuta babi guda na labari da yatsunsa a kan wayar hannu, ya aika da shi ta WhatsApp ko Wattpad ko Facebook, kafin gari ya waye kuwa an karanta shi a Kano da Maraɗi da Kumasi da Jidda. Gobe ya sake aika wani babin. Haka za a yi ta yi har labarin ya ƙare bayan wata biyu ko uku.

Wannan al'amari ya iso Auyo da Haɗeja da Kafin Hausa kamar yadda ya isa manyan birane. Ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da na Jami'ar Sule Lamiɗo, da matan aure a cikin gida, da ma'aikatan ƙananan hukumomi, suna daga cikin irin mutanen da wannan kasuwa ta dogara a kansu. Tun da yake abin ya shafi karatun 'ya'yanmu, da ƙa'idar harshenmu, da abincin waɗansu mutane, ya kamata a dube shi da idon basira, a san abin da aka samu da abin da ake shirin rasawa.

YADDA AKA FARO

Ƙagaggen labarin Hausa na boko a hannun hukuma aka haife shi. A shekarar 1933 ne Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Daga nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai hukumar NORLA a shekarun 1950, wadda a zamaninta ne waƙoƙin Mu'azu Haɗeja suka shiga ɗab'i, sannan kamfanin NNPC a 1966. A duk tsawon wannan lokaci, wanda yake son ya ga sunansa a bangon littafi dole ne ya bi ta hannun edita. Editan ne zai karanta, ya gyara, ya mayar, ko ya ƙi. Littattafan da suka fito kaɗan ne, amma masu tsabta ne, shi ya sa har yau ake karanta su a makarantu.

Tsakiyar shekarun 1980 sai al'amura suka juya. Tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi, aka zo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta da ke da tabbacin ciniki. A daidai lokacin ne kuma yaran da suka shiga firamare ƙarƙashin shirin ilmi kyauta na 1976 suka kai munzalin neman abin karantawa. Da matasan marubuta suka ga ƙofa a rufe, sai suka tara kuɗinsu suka nufi ƙananan maɗaba'o'in Kano. Haka Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed ya fito, da Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991. Wannan shi ne abin da Malam Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, aka kuma shafe shekaru ana muhawara a kansa a jaridu, Malam Abdalla Uba Adamu da Malam Yusuf Adamu suna daga cikin masu ba shi kariya.

Abin lura a nan shi ne, raba labari kashi-kashi tun a wancan zamani aka saba da shi. Littafi ɗaya yakan fito na ɗaya, na biyu, na uku, har na huɗu, domin cinikin na ɗaya ne zai biya kuɗin buga na biyu. Marubuci kuma yakan tsaya a daidai inda ran mai karatu ya tashi. Dabara ce tsohuwa: da ita Shaharzad ta tsira da ranta a Dare Dubu Da Ɗaya, da ita kuma Charles Dickens ya sayar da labarinsa na farko wata-wata a Ingila a 1836. Saboda haka waya ba ta ƙirƙiro sabon abu ba ta wannan fuska. Abin da ta yi shi ne ta mai da kashi huɗu suka zama kashi sittin ko ɗari.

YADDA CINIKIN YAKE

A da, littafi yakan taso daga hannun dillalan kasuwar Sabon Gari a Kano, ya bi mota zuwa Haɗeja ko Gumel, sannan ya ratsa ƙauyuka a hannun 'yan koli da masu ba da haya. Duk wanda ya taɓa shi a hanya yana da nasa rabo, abin da zai iso ga marubuci kuwa sai abin da dillali ya ga dama, kuma sai lokacin da ya ga dama. Wanda yake zaune a gari irin Auyo yana son ya buga nasa littafin, sai ya tanadi kuɗin takarda da na ɗab'i da na mota, ya kuma sami wanda ya sani a Kano. Ga mace mai aure, wannan babban shinge ne.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya wayoyi masu intanet suka yi arha har suka shiga hannun talaka. Yanzu tsarin da aka fi bi shi ne, marubuciya ta saki babi goma ko ashirin na farko kyauta, su yi ta yawo daga wannan zaure na WhatsApp zuwa wancan. Idan labari ya kama mutane, sai ta sanar cewa shafukan kyauta sun ƙare, mai son ci gaba ya tura 'yan ɗaruruwan naira ta asusun banki ko ta katin waya, ya nuna shaidar biya, a sa shi cikin zauren waɗanda suka biya. Waɗansu marubutan sukan haɗa kai su biyar ko fiye, su sayar da littattafansu a dunƙule a kan farashi guda. Waɗansu kuma sukan karɓi tallar masu turaren wuta da atamfa da kayan mata su liƙa a farkon kowane babi. Akwai kuma manhajoji irin su ArewaBooks da aka gina musamman don sayar da littattafan Hausa, da tashoshin YouTube da ke karanta labari da murya domin waɗanda ba su iya karatun boko ba ko waɗanda hannunsu ke kan aiki.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan ba. A ƙasar Sin, dandalin Qidian ya soma karɓar kuɗi a kan kowane babi tun 2003. Wattpad, wanda aka kafa a birnin Toronto na Kanada a 2006, ya bunƙasa har kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2021 a kan kuɗi kimanin dala miliyan 600. Bambancin kawai shi ne, a can kamfani ne ke riƙe da asusu da doka, a nan kuwa mafi yawan cinikin tsakanin marubuciya ne da mai karatu kai tsaye, bisa amana.

Alherin da ke cikin wannan ba ɓoyayye ba ne. Yarinyar da ta gama sakandare a Auyo tana iya zama marubuciya ba tare da ta taka Kano ba, ba tare da ta sayi takarda ko falle ɗaya ba. Kuɗinta yana shiga hannunta a ranar da aka biya. Tana jin ra'ayin masu karatunta a daren da ta saki babi. Bugu da ƙari, a zamanin da ake kukan matasa ba sa karatu, ga dubban mutane suna karanta Hausa kullum da kuɗin aljihunsu, ba malamin da ya tilasta su. Bayan janye tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, tsadar takarda ta ƙara tsananta, ga shi kuwa masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da kasa biyan bukatar ƙasa. Ba don waya ba, da ƙagaggen labarin Hausa ya shiga mawuyacin hali.

AYYUKA UKU DA SUKA RASA MAI YI

To, amma maɗaba'a da dillali da edita, duk da ƙorafin da ake yi a kansu, akwai ayyukan da suke yi wa al'umma. Da aka kawar da su daga hanya, ayyukan nan sun zauna babu mai yi.

Na farko shi ne gyara. Wanda ya yi alkawarin babi kullum ba shi da lokacin sake karanta abin da ya rubuta, balle ya ba wani ya duba masa. Sakamakon haka a bayyane yake ga duk wanda ya buɗe irin waɗannan labarai. Haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, sukan ɓace, har mai karatu ya rasa ko kafa ake nufi ko ƙafa, ko dari ko ɗari. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana raba waɗanda ya kamata a haɗe, ana cusa Ingilishi a tsakiyar jimla inda Hausa take da kalmarta. Masana sun sha zama a kan ƙa'idojin rubutun Hausa, tun daga taron Bamako na 1966 har zuwa na Yamai na 1980, amma yaron da yake karanta babi uku a waya kowace rana, darasin Hausa kuwa sau biyu ko uku a mako, ba sai an tambaya wane rubutu ne zai zauna masa a kai ba. Malaman sakandare su ne za su girbi wannan a takardun jarrabawa.

Har ila yau, yadda ake biyan kuɗi yana juya alƙalami. Tun da shafukan kyauta su ne tarko, dole ne a cika su da abin da zai tayar da hankali. Tun da mai karatu yana iya yin fushi ya fice daga zaure, marubuciya takan sauya ƙarshen labari don ta faranta wa masu rinjaye. Labarin da ya kamata ya ƙare a babi na arba'in sai a ja shi zuwa na tamanin. A nan ne kuma waɗansu, ba duka ba, suka gano cewa batsa tana da saurin ciniki, suka mai da ita jari, suka shafa wa sauran kashin kaji. Iyaye da malamai da ke kuka a kan wannan suna da gaskiya, domin wayar da uwa ke karatu da ita da dare, ita ce 'yarta ke ɗauka da safe.

Na biyu shi ne kare haƙƙin marubuci. Mutum ɗaya ya biya naira ɗari biyar, sai ya kwafe babin ya watsa a zaure goma. Wani ya tattara littafin duka ya ɗora a shafinsa na intanet yana karɓar kuɗin talla. Wani ya karanta shi a YouTube ba da sanin mai shi ba. Wani ma ya cire sunan marubuciyar ya sa nasa. Shi ya sa za ka ga an buɗe babi da gargaɗi da Allah ya isa kafin a shiga labari. Alhali kuwa akwai doka. Sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta shafi ayyukan da ke kan intanet, ta kuma ba mai haƙƙi damar neman a sauke aikinsa daga inda aka ɗora shi ba da izni ba. Sai dai dokar da Ingilishi take, marubutan kuwa da yawansu da sunan aro suke rubutu, kuma ba su da wata rijista da za ta nuna wane ne ya riga wani.

Na uku, wanda ya fi sauran haɗari domin ba a jin zafinsa yanzu, shi ne adanawa. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a can. Marubutan Kano na shekarun 1990 ba kasafai suka bi wannan doka ba, amma tun da abin nasu takarda ce, an sami masu tsintowa. Malam Abdalla Uba Adamu ya tara ɗaruruwa, a 2004 kuma Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar da jerin sunayen littattafan da aka buga daga 1987 zuwa 2002. Labarin da ke cikin zauren WhatsApp fa, wa zai tsinto shi bayan shekara ashirin? Waya ta faɗa ruwa, ko an sace ta, ko an rufe lambar, shi ke nan.

Kada kuma a ɗauka manyan dandamali matabbata ne. OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, wanda kuma marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu a ciki, ya rufe a ƙarshen watan Nuwamba na 2023. Kamfanin Amazon, duk da ƙarfinsa, ya buɗe dandalin Kindle Vella a 2021 musamman don labarai masu fita babi-babi, ya kuma rufe shi a watan Fabrairu na 2025 da ya ga ciniki bai kai yadda yake so ba. Wanda ya gina rumbunsa a gonar wani, ran da mai gona ya tashi sayarwa ba zai nemi shawararsa ba.

Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin ma'anar asara irin wannan. Ambaliyar da ta auka wa Auyo da maƙwabtanta a 2020 da 2022 ta rushe gidaje, kuma duk inda ɗakin ƙasa ya faɗi cikin ruwa, takardun da ke cikinsa sun tafi. Tun kafin wannan ma, Auyakawa suna da harshensu na kansu, ɗan'uwan Badanci da Ngizimanci, wanda ya ɓace daga bakin mutane, abin da aka rubuta daga cikinsa kuwa kaɗan ne ƙwarai. Abin da ba a adana ba, ko da dubu sun san shi yau, jikokinsu ba za su same shi ba.

HANI BA ZAI YI MAGANI BA

Duk lokacin da aka ta da zancen lalacewar rubutu, abin da ya fi saurin zuwa bakin hukuma shi ne hani. An gwada wannan a Kano. An kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, a 2007 aka ƙone littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, daga bisani aka bukaci marubuta su yi rijista su kuma kai rubutunsu a duba kafin ɗab'i. A wancan lokaci akwai maɗaba'ar da za a rufe, akwai shagon da za a kai wa samame. Yanzu kuwa maɗaba'ar tana cikin aljihu, mai rubutun tana iya kasancewa a Damagaram, mai karatun a Legas, na'urar da ke ɗauke da rubutun a Amurka. Dokar jiha ɗaya ba ta da hannun da zai kai nan. Abin da hani zai haifar shi ne, masu mutunci da ke rubutu da sunansu na gaskiya su ji tsoro su janye, masu ɓoye suna su ci gaba da abinsu.

Hanyar da ta nuna alamar nasara ita ce ta jawowa a jiki. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya soma a 2016 ta nuna cewa idan aka sa lada, aka sa alƙalai masu duba ƙa'ida da ma'ana, marubuta mata za su fito da labarai masu nauyi a kan gudun hijira da talauci da zaman aure. Da yawa daga masu shiga irin wannan gasa a waya suka koyi rubutu. Ashe ke nan baiwar tana nan, mai gyara da mai ƙarfafawa ne babu.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, Hukumar Laburare ta Jihar Jigawa, tare da Sashen da ke koyar da Hausa a Jami'ar Sule Lamiɗo, suna iya buɗe ma'ajiya inda duk marubucin da ya kammala labari zai aika da kwafinsa, a rubuta sunansa da ranar da ya kawo, a ba shi shaida. Wannan aiki ba ya bukatar sabon gini, kwamfuta ce da ma'aikaci mai amana. Da jifa ɗaya an sami tsuntsu biyu: an adana aikin, marubuci kuma ya sami hujjar da zai nuna ran da aka yi masa sata. Sharaɗi guda shi ne kada ma'ajiyar ta rikiɗe ta zama ofishin tacewa, in ba haka ba babu mai kawowa.

Na biyu, Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya reshen jiha da sauran ƙungiyoyin marubuta su riƙa shirya bita a Haɗeja da Gumel da Dutse a kan ƙa'idojin rubutu, har da nuna wa mahalarta yadda ake samun haruffa masu lanƙwasa a allon waya, domin suna nan, rashin sani ne ya sa ba a amfani da su. Ɗalibanmu da suka karanta Hausa suke zaune ba aiki, ga sana'a ta samu: gyaran rubutu a kan lada, babi-babi.

Na uku, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta fassara muhimman sassan dokar 2022 zuwa Hausa, ta bayyana su a gidajen rediyo, yadda marubuciya za ta san inda za ta kai ƙara, mai kwafe kuma ya san abin da yake yi laifi ne a gaban shari'a.

Na huɗu, Ma'aikatar Ilmi ta jiha tana iya sa gasa ta shekara-shekara, a buga littattafan da suka yi nasara a takarda, a sa su a makarantu. A nan akwai abin da ya kamata a faɗa wa marubutan yankin nan su kansu. Labaran da suka cika waya galibi a manyan gidajen Abuja da Dubai suke faruwa. Amma ga manomin shinkafa da ruwa ya cinye masa gona saura kwana kaɗan girbi, ga masuncin da kachala ta toshe masa hanyar kwalekwale, ga rikicin makiyayi da manomi a fadama, ga sauyin da aikin noman rani na Kwarin Haɗeja, wanda aka ƙaddamar a Auyo a farkon 2023, yake kawowa cikin gidaje. Babu wanda zai rubuta waɗannan da kyau kamar wanda ya tashi a cikinsu.

Su kuma masu karatu, musamman ma'aikata da ɗalibai, nasu aikin shi ne mafi sauƙi: wanda ya ji daɗin labari ya biya mai shi, kada ya karɓi na sata, kada ya tura wa wani. Marubuciyar da ta tabbata guminta zai dawo mata ita ce za ta iya tsayawa ta gyara aikinta, ta kuma ƙi rubuta abin da za ta ji kunyar 'ya'yanta su gani.

Zamanin East da Imam ya bar mana littattafai kaɗan da muke alfahari da su. Zamanin kasuwar Kano ya bar ɗaruruwa, an kuma tsinto da yawa daga cikinsu. Wannan zamani na uku ya fi su duka yawan marubuta da masu karatu, amma shi ne aka fi jin tsoron ya wuce bai bar komai a kan kanta ba. Gyaran wannan yana hannun hukumomin da muka ambata da marubutan kansu, kuma tun yanzu ya kamata a soma. Allah ya sa a ji, a kuma aikata.